Ku Bar wa Auta Ɗakinsa

Da sunan Allah mai ba da rai, mai karɓar abinsa ran da ya ga dama. Ni ne mahaifinku, kuma da hannun hagu nake rubuta wannan, tun da na dama ya ajiye aiki wata goma sha ɗaya da suka wuce ba tare da ya ba ni ko takardar sanarwa ba. Rubutun ya karkace, amma kada ku ga karkacewar ku ce tsoho ya ruɗe. Hankalina garau yake. Na san ranar da muke ciki, na san magungunana bakwai da lokacin shan kowanne, na kuma san abin da likita ya ja ku gefe ya faɗa muku a bakin ƙofa, yana zaton kunnena ya bi harshena. Harshen ne ya mutu, kunnen yana nan daram. Limamin masallacin layinmu da maƙwabcinmu mai kantin magani za su karanta su sa hannu. Su ne shaidu, na kuma roƙe su su riƙe bakinsu. A wurin mai kantin takardar za ta zauna har ranar.

Ku biyu nake wa magana, kai Babba da ke Kurciya. Ƙaninku Auta ban rubuta masa ba. Takardun da ya karɓa daga hannuna sun ishe shi har ƙarshen rayuwarsa, za ku ji dalili a gaba. Abin da ya shafi rabo ku faɗa masa da baki, sauran ku karanta ku ninke.

Na ɗaya, maganar dukiya, kuma gajeriya ce. Ba wanda yake bina, ba wanda nake bi. Kun san ubanku, ko allura ya ara sai ya mayar da ita da zarenta. Abin da na bari gidan nan ne da kayan cikinsa, rabonsa kuwa Allah ya riga ya yi, ba ni da ta cewa. Na tambayi liman a rubuce ko zan iya ware ɗakin baya in ce na Auta ne shi kaɗai. Ya ce babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada, kyautar da aka yi a gadon ciwon ajali kuma hukuncinsu ɗaya. Na sake jefa tambayar ta wata hanya, irin yadda nake wa 'yan ƙungiyar ma'aikata a da, ya yi murmushi ya maimaita mini amsarsa. To, kun ga inda nake. Ɗakin yana hannunku, ni kuma saura kwanaki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa muku abin da ya sa na nace a kan ɗaki guda mai taga ɗaya. Asabar ɗin nan da kuka zo tare, bayan azahar, kun leƙo kun ga idona a rufe, kuka koma falo kuka bar ƙofa a buɗe. Na ji komai. Kai Babba ka ce da zarar an share makoki a sa gidan a kasuwa, a ba Auta wata uku ya nemi inda zai sa kansa. Ka ce yunwa ce kaɗai malamar da ba a yi wa gardama, kuma ƙato ya shekara huɗu a ɗaki ana kai masa abinci har ƙofa ai ba tausayi ba ne, cuta ce. Ke Kurciya kika ce a'a, a bi a hankali, a rubuta masa jadawali: in ya fito falo a yi masa kaza, in ya je neman aiki a saya masa kaza, in ya ƙi a rage. Sannan kuka haɗu a kan magana ɗaya, abin da kun fi shekara goma ba ku yi ba. Kuka ce ai da Baba yana da baki, haka zai ce a yi.

Wallahi na yi ƙoƙarin kiran ku. Abin da ya fito daga bakina kukan akuya ne, mai jinya ta shigo ta goge mini yawu ta gyara mini matashi. Na kwana biyu ina jin haushinku kafin na yarda cewa ba sharri kuka yi mini ba. Da bakina na koya muku wannan karatun.

Na biyu, koren fayil ɗin da ke durowar ƙasa. Na Babba ne. Har na fara rubuta “da sharaɗin”, sai na tuna na daina wannan sana'ar.

Shekara talatin da ɗaya na yi a kamfanin takalman roba, ashirin daga ciki ina shugaban sashen ma'aikata. A shekarata ta biyu a kujerar suka tura ni kwas na kwana uku a wani otal, wai a koya mana yadda ake zaburar da ma'aikaci. Malamin, wani dogo da ba ya gama jimla sai ya kurɓi ruwa, ya zana mana matakala mai hawa biyar. Ya ce ɗan Adam ciki ne ke fara tuƙa shi. In ya ƙoshi ya nemi inda zai kwana lafiya, in ya samu ya nemi mutane su karɓe shi, daga nan ya nemi a ga girmansa, a can sama kuma ya nemi zama abin da yake jin don shi aka halicce shi. Washegari ya nuna mana hoton tattabara a cikin akwati, in ta sari maɓalli ƙwaya ta faɗo, sai ga ta tana ta sara ba ji ba gani. Ya ce abin da aka saka wa da lada yakan maimaitu, abin da aka hora a kansa yakan ragu. Ni kuwa na ji kamar an danƙa mini makullin kowane mutum a duniya. Rana ta uku ban tsaya laccar yamma ba. Na ce ai na gane, na karɓi takardar shaida da fayil na kama hanya.

Ina komawa kamfani na kafa allo a bakin ƙofar shiga, sunan kowa da yawan takalmin da ya haɗa. Na sama ya samu kyauta da hotonsa a bango, na ƙasa in ja masa layi da jan biro. Cikin shekara guda aiki ya ƙaru, manaja ya ba ni lambar yabo, ma'aikata kuma suka ba ni suna, Jan Biro, har sunan ya bi ni masallaci. Abin da ban sa a rahoto ba shi ne takalman da ake dawo mana da su don gam bai kama ba sun ninka, kuma mutumin da a da in injin maƙwabcinsa ya cije yakan tsaya ya taya shi, yanzu sai ya kau da kai. Na gani da idona na wuce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A watan jiya na sa mai jinya ta ɗauko mini fayil ɗin don in kashe lokaci. Shafi goma sha biyun ƙarshe, na laccar da na gudu, har sun manne da juna, ban taɓa buɗe su ba. Abu biyu ke ciki. Na farko, abin da mutum yake yi don daɗin yinsa, in ka fara biyansa a kai, daɗin yakan mutu ya koma yi don ladan, ran da ladan ya tsaya shi ma ya tsaya. Na biyu, dabbar da aka ɗaure ana azabtarwa ko ta motsa ko ba ta motsa ba, takan kai inda za ta kwanta kawai. Ko an kwance igiya an buɗe ƙofa ba ta tashi, don ta riga ta koyi cewa motsinta ba ya canza komai. Na ɗora takardun a ƙirjina ina kallon silin. 'Ya'yana biyu ne a cikin shafukan nan, an rubuta su tun ɗaya yana goye. Awa biyu kacal, jama'a! Da na zauna awa biyu a kujerar otal. Babba, in za ka karanta, ka faro daga baya.

Na uku, bangon lungun da ke tsakanin falo da kicin. A yi masa fenti sau biyu, ko uku in ya ƙi. Farar ƙasar da aka shafa ba ta rufe baƙin allon da ke ƙarƙashi ba, in rana ta bugo ta tagar kicin har yau ana ganin layukan nan uku. Duk wanda zai shiga ɗakin baya ko ya fito daga cikinsa sai ya wuce ta gabansa.

Kun tuna dokar. Gyaran gado maki ɗaya, wanke kwano ɗaya, sallah a kan lokaci biyu, Allah ya yafe mini wannan, fasa kofi a cire uku. Yammacin Lahadi a tara. Na sama ya zauna gaban mota mako guda, shi ke zaɓen tashar da za a kalla. Na ƙasa a ja masa jan layi, ya kwana bakwai yana wucewa ta gabansa. Auta yana ɗan shekara shida na sa sunansa, yana gasa da ɗan shekara goma sha biyar, ni kuma ina kiran wannan adalci, wai doka ɗaya ga kowa.

Sau ɗaya tak ya hau sama, yana shekara takwas. Ranar har ya ruga ya shige gaban mota tun ba a ce za a fita ba, ya zauna ya ɗaura bel, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ni kuwa na tsaya ina duban allon, sai na ga wani bakwai mai ɗan gicciye a tsakiya. Ni ba na yi wa bakwai gicciye, mahaifiyarku ce ke yi. Na tara ku a falo kamar kotu, na goge makin da ta ƙara, na kuma cire wa yaron goma, wai ya gani bai faɗa ba. Bai yi kuka ba. Daga makon nan ya daina gyara gadonsa, na rubuta masa “lalaci” a ƙarƙashin suna. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta ce tun da na mayar da gida kamfani, in faɗa mata a wane sashe take, kuma yaushe za a sallame ta. Dariya na yi a lokacin.

Na huɗu, kai Babba. Ban da fayil, doguwar kujerata ta baranda taka ce. Ba don tana da tsada ba, ƙafarta ɗaya ma da ƙusa take tsaye. Don ban taɓa ganinka a zaune ba ne. Duk zuwan da kake yi sai ka tsaya a ƙarshen gadona da wayoyinka uku, ka karanto mini: reshenka ya zo na ɗaya, mota kaza aka sayar, ɗanka ya fi kowa a aji. Sai ka tsaya kana kallon fuskata, ni kuma in gyaɗa kai, sannan in ga kafaɗarka ta sauka. Shekararka arba'in, kana shan maganin hawan jini, har yanzu kana jiran Lahadi. Kowa yana zaton kai ne ka tsira daga bangon nan. Ni da nake kwance ina kallonka na san ba haka ba ne, kuma ina zargin haushin da kake ji na Auta rabinsa na wannan ne: shi ya kwanta, kai ba a taɓa barinka ka kwanta ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ran da aka haife ka, ungozoma ta miƙo mini kai kana ta tsala ihu, ka yi mini fitsari a rigar aiki, na je ofis da ita haka ban canza ba, ina ta nuna wa mutane. Ba ka yi komai ba a ranar, ba ka zo na ɗaya a komai ba, kuma ban taɓa son ka fiye da haka ba, ban kuma taɓa ragewa ba. Laifina ne da na bar ka kana zaton saya ake yi.

Rigimarka da ƙanwarka a binne ta tare da ni. Ita tana ƙirga kwanakin da ta yi a asibiti a kaina, kai kana ƙirga abin da ka kashe, kowa yana jiran a ce shi ya fi. Haba! Ba mai tarawa kuma. Mai jan biron ya tafi.

Na biyar, ke Kurciya. Akwai kwalin takalmi a saman kabad ɗina, ɗaure da igiya, naki ne. Zane-zanenki ne na farko, waɗanda kike yi a bayan kwalayen da nake kawowa daga kamfani. Kina kwance rub da ciki a ƙasan tebur, kina zane kina wannan ƙunƙunin naki, ku-ku-ku, wanda ya sa muka laƙaba miki sunan. Ba wanda ya sa ki, sai an ja ki da ƙafa kike fitowa cin abinci. Na ga kina da hannu, na ce bari in ƙarfafa miki, na sa maki biyu a kowane zane. A makon farko kika kawo talatin, gidaje ba taga, mutane ba yatsu, ƙunƙunin kuma ya ɗauke ɗif. Na ce wayo kike mini, na cire zane daga allo. Tun daga ranar ban sake ganin fensir mai launi a hannunki ba.

Zuwana gidanki na ƙarshe da ƙafata, na ga takarda manne a ƙofar firij, sunayen tagwayenki da taurari a jere. Har na yaba miki, kaico. Ba zan ce ki cire ba, 'ya'yanki ne, ni kuma ba ni da bakin koya wa kowa tarbiyya. Ki dai tsaya wata rana a bayan ƙofa ki saurara. In kin ji ɗaya daga cikinsu yana ƙunƙuni a kan wani abin da ba wanda ya sa shi, ki koma da baya a hankali, kada ki ce komai.

Na shida, Auta, kuma saboda shi na sha wahalar duk wannan rubutun.

Kun san ya gama karatu da ƙyar, ya shekara biyu yana yawon neman aiki, sannan ya samu a wani ofis inda ake amsa kiran waya. Abin da ba ku sani ba, a bangon ofishin akwai babban allo na lantarki, sunan kowa da yawan kiran da ya gama, yana sauyawa kowace awa. Wata bakwai ya jure. Wata safiya ya ɗaga kai ya ga sunansa a ƙasa da ja, ya cire abin kunnen ya ajiye, ya dawo gida ya shiga ɗakin baya. A lokacin mahaifiyarku ta rasu, ni na yi ritaya, hannuna yana ƙaiƙayin aiki, sai na mayar da ɗana aiki. Kowace Litinin in tura masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ga abin da zai yi, ga ladansa, har babur na yi alkawari. Da zuma ta ƙi na ɗauko bulala. Na cire masa fanka ana tsakiyar zafi. Na hana a kai masa abinci, ya kwana uku bai fito ba, ni ne na karaya. Na tsaya a bakin ƙofar ina yi masa laccar matakala mai hawa biyar, ni da ban taɓa barinsa ya taka hawa na uku a gidan ubansa ba.

Sau ɗaya ya amsa mini ta bayan ƙofa. Ya ce shi ba ƙi yake yi ba. Ya ce yakan yi wanka ya sa kaya har ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa, sai hannun ya ƙi murɗawa, kuma bai san dalili ba. Na ce masa wannan shagwaɓa ce.

To, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Mai gashin ƙashin da kuke biya tana zuwa sau uku a mako da ƙwallon roba da takarda mai gidaje-gidaje. In na matsa sau ashirin ta liƙa mini tauraro, ta tafa ta ce madalla Baba, saura biyar. Yarinya sa'ar Kurciya tana yi mini tafi, ni Jan Biro! Na san amfanin abin, ina son in tashi fiye da yadda kuke so. Amma akwai safiyar da nake kallon ƙwallon nan, in nemi abin da zai tashi a cikina in rasa, kamar ka zura guga a rijiya ka ji ya bugi ƙasa. Ba ƙi nake yi ba. Na hango abin da ta rubuta a rahotonta, wai mara lafiya ba ya ba da haɗin kai. Gadona da na Auta bango ɗaya ne a tsakaninsu, ina jin tarinsa, yana jin nawa. Mu biyu muna kwance, kowa da ƙofarsa a gabansa.

Yanzu ga sirrin, kuma faɗinsa ma haɗari ne. Kullum ƙarfe ɗaya mai jinya takan tafi ɗauko 'yarta daga makaranta, ta yi awa guda. Tun wata na uku da kwanciyata, da ta ja ƙofar waje sai in ji ta ɗakin baya ta buɗe. Yakan shigo ba takalmi. Ya juya ni, ya shafa mini mai a baya da dunduniya, in na jiƙa zanin gado ya canza, ya yanke mini farce, ranar Juma'a ya yi mini aski. Kafin ta dawo ya koma ɗakinsa. Ke Kurciya kin yi ta yi wa mai jinya godiya da ba ni da gyambon kwanciya ko ɗaya. Kai Babba kana zaton Kurciya ce ke turo wanzami don ta fi ka, ita kuma tana zaton kai ne. Mai jinya ta sani, ni na hana ta faɗa, kada ku ga laifinta.

Wata rana zuciyata ta cika, na ɗauki ɗan allon da nake rubuta buƙatuna, na rubuta “Madalla, ka yi ƙoƙari”, na ɗaga masa. Ya karanta. Na ga fuskarsa ta rufe a gabana, ya ajiye kwalbar man ya fita. Kwana tara bai dawo ba. Kwana tara ina kallon agogon bango daga ɗaya zuwa biyu. Da ya dawo sai na rufe ido na yi kamar barci nake, kuma haka muke yi har yau. Ya san ba barci nake ba, na san ya sani. Ɗana yana wanke ni, ba ni da ikon ce masa na gode, don na ɓata kalmar a bakina tun yana yaro, duk yabon da ya fito daga gare ni maki yake ji. Wannan ya fi mini shanyewar jikin ciwo.

Na bakwai, roƙo. Kada ku sayar da gidan nan a kansa. Ku bar wa Auta ɗakinsa, ba wa'adin wata uku, ba jadawali, ba in ka yi kaza. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Kurciya, na san haya kuke, na san kin sa rai da rabonki, kuma haƙƙinki ne, ba wanda zai ce kin yi zalunci in kin nema. Ba kuma zan yi muku ƙarya in ce in kun yi haƙuri zai fito ba. Ban sani ba. Na bincika fayil ɗin har bangon baya, bai faɗa ba. Mai kantin magani ya ce abin ciwo ne, kuma akwai likitocinsa. Ku tambaye shi ko yana son ganin ɗaya. In ya ce a'a, ku bari wani lokaci ku sake tambaya. Kada a ɗauke shi da ƙarfi, kada a yi masa wayo.

Kada ku nuna masa kun san sirrin nan, kada ku yabe shi a kai. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, dalilin da ya sa yake buɗe ƙofa ni ne, kuma za ku saka dalilin a rami. Kada ku ƙirƙiro masa aikin bogi don ku jawo shi, yana jin ƙanshin gwaji tun daga nesa, a hannun gwani ya koya. Ku dai riƙa zuwa. Ku zauna a falo ku yi hirarku, yara su yi ta ɓarna, a zuba abinci a ajiye nasa kwanon tare da na kowa. In wata buƙata ta gaske ta same ku, ku faɗe ta da ƙarfi yadda za a ji a ɗakin baya, sannan ku kau da ido.

A rubutun farko na sa cewa duk wanda ya fitar da shi ban yafe masa ba, wanda ya riƙe shi kuma albarkata tana kansa. Na kwana da shi a ƙarƙashin matashi, da safe na duba na ga allon nan ne dai na sake zanawa, na sa mai jinya ta yaga. Tunda nake ban taɓa neman abu a wurinku ba sai da lada a hannu ɗaya, horo a ɗayan. Yau hannu ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ba komai a cikinsa. Roƙonku kawai nake yi, kuma ban iya ba, yau na fara.

Ran da abin ya faru, gidan zai cika da mutane, za a sami mai cewa a je a buga masa ƙofa, ko don kunyar idon jama'a. Babba, ka tsaya a bakin lungun nan ka hana. In ya fito da kansa, a matsa masa wuri a wajen wankana ba tare da an ce masa komai ba, ya fi kowa sanin inda jikin nan yake ciwo. In bai fito ba, kada in ji an ce ko gawar ubansa bai raka ba. Ya riga ya raka ni iyakar inda ƙafarsa ta iya kaiwa.

Na yafe muku duka ukun, abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini, nawa ya fi yawa. Albarkata na ba ku ita yanzu, tun kafin ku yanke shawara, kuma ba ta dawowa ko me kuka yanke. Allah ya yi muku albarka, ya ba Babba hutu, ya mayar wa Kurciya muryarta, ya buɗe wa Auta abin da na rufe. Allah ya raya muku zuriya, ya sa su fi ku jin daɗin iyaye. Ku riƙe juna, ku uku ne, kada wani ya ƙirga biyu. Ku yi wa mahaifiyarku addu'a kafin ku yi mini, ita ta fi cancanta.

Sauran maganar da ban rubuta ba ku yi mini uzuri, hannun ya gaji. Ƙarfe ɗaya ta kusa, ina jin mai jinya tana neman jakarta. Bari in ɓoye takardar nan in rufe ido.